Takardun Ƙarƙashin Tukwane

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An zaɓe ni.

Sau huɗu na karanta saƙon kafin na yarda da ni ake. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu Uwar Taurari za ta yi hira kai tsaye a zauren masu karatunta na waya, kuma za a buɗe wa mutum uku layi su yi magana da ita, kowa minti biyar. Mun fi dubu biyu a zauren. Ni ce ta biyu a cikin ukun.

Ba sunanta ba ne Uwar Taurari, mu muka laƙaba mata. Littattafan soyayyar da na karanta sun fi ɗari, tun ina ɓoye su a cikin littafin lissafi, amma babu wanda ya taɓa sa na fita tsakar gida na ɗaga kai sama sai nata. Mutum dubu bakwai a cikin jirgi guda, sun baro duniya tun zamanin kakannin kakanninsu, kuma mace ɗaya ce ta iya gyaran injin da ke ba su iska. Injiniya. Ba ta da kyau, ba ta da fara'a, hannunta kullum baƙi. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Na kira mijina, Mai Tawada, a maɗaba'ar da yake aiki. Ƙarar inji ta hana shi ji, sai da na maimaita sau uku. Ya ce, "Madalla. Ki gaishe ta. Ki ce ta rage shafuka, bayana ciwo yake."

Iyakar abin da mijina ya samu faɗa ke nan. Mutumin da littafinta na uku ke wucewa ta hannunsa kullum.

Alhamis, bayan azahar

Na rubuta tambayoyi goma sha tara, na soke goma sha shida. Na tsaya gaban madubi ina gwadawa har shinkafa ta kama.

Abu ɗaya ne ba zan ambata ba, kuma na rubuta shi a nan don in ja wa kaina kunne: littafi na uku. Sai wata mai zuwa zai fito. Ni kuwa na karanta shi.

Ga yadda aka yi. Duk lokacin da za su fara buga sabon falle a maɗaba'a, na farko-farkon ba sa fitowa daidai, wani tawada ta yi yawa, wani ya karkace. Takardun gwaji suke ce musu. Tara su ake yi a bayan ƙofa, kowa ya ɗiba. Mai shara na ɗiba, mai gadi na ɗiba, Manaja da kansa da su yake shimfiɗa a bayan motarsa. Mai Tawada yana kawo mini in shimfiɗa a kantar kicin. Shekara biyu da aurenmu, a kan tsofaffin kalanda da tallar maganin sauro nake kife tukwanena. Sai ranar nan ina goge kanta, na ɗaga babbar tukunya, na ga kalmar Injiniya kai ƙasa tana kallona.

Falle ɗaya shafi goma sha shida ne, takwas a gaba takwas a baya, wasu a miƙe wasu a juye, na ɗaya yana maƙwabtaka da na goma sha shida. Yini guda na yi kafin na gano yadda ake ninke shi sau uku shafukan su jeru. Daga nan kullum sai in ce masa kanta ta jiƙe, ya ƙaro. Falle goma sha uku na samu cikin goma sha huɗu. Na haɗa su, na ɗinke da baƙin zare. Ya same ni ina ɗinkin ya ce, "Ke dai ba ki da aikin yi."

Na yi kuka a shafin ƙarshe har kaina ya yi ciwo. Ba zan ambata ba. Zan tambaye ta ne yadda take rubuta sama alhali ba ta taɓa zuwa ba.

Asabar, ƙarfe uku da rabi

Na yi wanka, na sa sabuwar riga, har da turare, duk da murya kawai za a ji. Waya a cike take. Na rufe taga saboda awakin maƙwabta. 

Asabar, ƙarfe biyar

An yi hirar.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Sun cire ni daga zauren. Shekara uku ina cikinsa. Ni nake tuna musu ranar fitowar kowane littafi, ni na zana musu taswirar jirgin hawa-hawa da biro mai launi uku, yau ni ce "wata mata". Kafin su cire ni sai da suka tabbatar na karanta komai. Wata ta ce Allah ya isa. Wata ta ce dama muryata ta marasa kunya ce. Wani da bai taɓa tofa komai a zauren ba ya rubuta shafi guda a kaina.

Tambaya na yi. An ce a yi tambaya, na yi tambaya.

Kuma ita Uwar Taurari. Minti biyar aka ba ni, ko biyu ban cika ba ta ce a rufe layina. Ba ta ma gaya mini ni ba, wa mai kula da zauren ta gaya, kamar ana cewa a rufe famfo. Muryar da na yi shekara uku ina ƙagawa a kaina ashe siririya ce, har da tari.

Mai Tawada ya tambaye ni jiya yaya hirar ta kasance. Na ce lafiya lau. Ya ce, "Kin gaishe ta?" Na ce na gaishe ta.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata

Ya dawo gida. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ranar Litinin. Hannunsa fes, ko ɗigon tawada babu.

Ya ajiye kwanon abincinsa a bakin kicin yadda na ba shi, ko buɗewa bai yi ba. Ya tsaya yana kallon kanta. Ya ɗaga tukunya ɗaya, ya duba takardar da ke ƙasa, tallar maganin sauro ce, ya mayar. Ban tambaye shi dalili ba.

Laraba, bayan la'asar

Kwana uku yana zaune. Ya gyara fanka, ya gyara ƙofar banɗaki da na yi wata shida ina roƙo, yanzu ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau. In na kawo abinci ya ce an gode. An gode. Kamar a gidan baƙi.

Da zai yi faɗa da ya fi mini. Ya ɗaga murya in ɗaga tawa, in tuna masa wa ya kawo takardun. Ni na je maɗaba'a na ɗebo? Shekara tara yana kan inji bai taɓa sunkuyar da kai ya karanta layi ɗaya na abin da yake bugawa ba. Shi tawada kawai yake gani, ta yi duhu ko ta yi haske. Da ya karanta da ya san abin da yake shimfiɗa mini a ƙarƙashin tukwane. Kuma ya san ko wacece matarsa. Ya san ko takardar da aka naɗe sabulu ce sai na karanta ta.

Ita kuwa uwar masu taurari, littafi biyu ta cika da wa'azin tausayi. A na biyu har yaron da ya fasa bututun iska Injiniya ta hana a hukunta, ta ce wanda ya bar bututu inda hannu zai kai shi ne mai laifi. Na haddace wurin. Ashe a takarda kawai tausayin yake.

Na kife littattafanta biyu a ƙarƙashin gado.

Alhamis, da safe

Na fito da su. Ƙasa akwai danshi.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta zo. Ba ta ko cire takalmi daidai ba ta ce, "Mijinki na ganshi a bakin titi yana kallon motoci. Me kika yi?"

Na ce me ya sa sai ni?

Ta ce, "Ni na goya ki. Zauna."

Na ba ta labarin zaure da zagin da aka yi mini. Ta ce wannan ba shi ta tambaya ba, me na ce wa matar. Na ce tambaya na yi. Ta ce wace tambaya. Na ce na gaishe ta, na ce ina son littattafanta, matar ta yi dariya ta ce ta gode ƙanwata. Ƙanwata fa ta ce da ni. Daga nan ban san inda takardar tambayoyina ta shiga ba.

"Sai kika ce me?"

Na ce mata, Anti, don Allah me ya sa kika kashe Injiniya?

Yaya ba ta san wacece Injiniya ba, amma ta gane. Ta ce, "A gaban mutum nawa?" Na ce ɗari takwas da wani abu ke saurare. Ta ce, "A littafin da bai fito ba." Na ce eh.

"To shi mijinki ta ina ya shigo?"

Na tashi zan ɗora ruwan shayi, ta riƙe mini zane. Bari in rubuta, tunda har Yaya ta ji. Matar ta ce a ina na karanta. Ni kuwa, da faɗin rai, har ina gyara zama, na ce ai mijina ne yake buga shi.

Yaya ta saki zanena. Ta ce, "Tun kina ƙarama in aka saya wa Baba abu a ɓoye ke kike tararsa a ƙofa ki faɗa. Na ɗauka aure zai ɗinke bakin nan." Na ce ba ta'aziyya ta zo yi ba ke nan. Ta ce, "Wa ya mutu? Au, Injiniya." Ta yi dariya ita kaɗai.

Da za ta tafi ta ce in daina jin haushin duniya, in je in ba mijina haƙuri. Ita komai a wurinta mai sauƙi ne. Littafi na ƙarshe da ta karanta na koyon tuƙi ne.

Lahadi, bayan azahar

Ban ba shi haƙuri ba. Na soya masa ƙwai.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Mun yi faɗan da nake nema, kuma bai yi daɗi ba.

Ya je maɗaba'a da sassafe, bai yi awa ɗaya ba ya dawo. Na tare shi na ce yau sai ya gaya mini. Ya ce, "Me zan gaya miki da ba ki gaya wa duniya ba?"

Ashe ba maganar takardun gwaji ake yi ba. Uwar Taurari ta ɗauka ƙarin kwafi yake bugawa a ɓoye yana sayarwa, don an taɓa yi mata haka a wani wuri. Ta ce babu yadda za a yi mutum ya karanta littafi har ƙarshe daga shara. Manaja kuma ya bi bayanta, shi da shimfiɗar motarsa. Tun farko ta sa sharaɗin kada falle ɗaya ya fita, Manaja ya sa hannu, ya jefa takardar a aljihun tebur bai gaya wa kowa ba. Yanzu ya fi masa sauƙi a ce ɓarawo ɗaya aka samu da a ce shi ne bai rufe ƙofa ba. An dakatar da aikin. Litinin mai zuwa za ta zo ta kwashe kayanta, kuma in ta fita da su, shi ma Mai Tawada ya fita ke nan. Garin nan maɗaba'a nawa ce? Duk sun san juna. Wa zai ba ɓarawon littafi inji?

Na ce to ya kai musu wanda na ɗinka su gani mana.

Ya ce, "In kai musu matata su yi dariya? Ba ki gaji da shiga bakin mutane ba?"

Na ce ai gara dariya da sunan sata. Ya ce sunansa ne, shi ya san yadda zai yi da shi. Na ce da ka san yadda za ka yi da ba ka kwance rediyo sau biyu ba. Ya ce, "Ke matsalarki, kina tsammanin mutanen cikin littafi sun san da ke." Na ce kai kuma shekara tara kana dafa abin da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba.

Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "Kada ki sa baki a maganar nan. Bakinki ya yi aikinsa."

Talata, da yamma

Na rubuta wa Uwar Taurari saƙo mai tsawo. Na goge zagin, na bar bayanin. Bai shiga ba. Ta toshe ni.

Laraba, ƙarfe biyu

Wata da muke ɗasawa a zauren ta turo mini sanarwa a ɓoye, ta ce kada in ce ita ce. Uwar Taurari ta ɗage fitowar littafin. Tunda an tona ƙarshensa, za ta sake rubuta shi.

Wato Injiniya za ta rayu. Abin da na roƙa ke nan. Ya kamata in yi murna.

Alhamis, bayan azahar

Na sake karanta fallen ƙarshe, a hankali wannan karon, ba ta cikin hawaye ba. Akwai zoben gindin tukunya a shafi na ɗari biyu da ashirin, daidai inda abin ya faru.

Tun littafin farko Uwar Taurari take shirya shi. Duk yana nan. Safar hannun Injiniya da ta yage ba ta sake ba, yadda take koya wa mataimakiyarta komai da gaggawa tana faɗa, maganar da ta yi a hawa na tara da na ɗauka wasa ce. Ba kashe ta aka yi don a sa mu kuka ba. Babu wata hanyar da mace irin wannan za ta bi. Da ta tsira da ba ita ba ce.

Yanzu za a fito da ita daga kabari a tsayar da ita tana murmushi, saboda wata mai sabuwar riga da turare ta kasa riƙe bakinta na minti biyar.

Ina jin haushin Manaja. Ina jin haushin zaure. Ina jin haushin mai tari. Na gama lissafin, saura mutum ɗaya, kuma ba na son rubuta shi.

Asabar, da safe

Na gan shi yana goge takalmin zuwa aiki, sai ya tuna, ya mayar da shi ƙarƙashin kujera.

Lahadi, bayan la'asar

Na ce masa, "Ka yi haƙuri." Yana gyara igiyar shanya, bai juyo ba. Ya ce, "Miƙo mini filaya." Na miƙa.

Na sa littafin da na ɗinka a jakata.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta a jere don kada in ƙara wa kaina gishiri.

Ya shiga wanka da ƙarfe tara, na fita. Na bar masa takarda a kan kwanon shayi, don ba zan iya fita babu ko kalma ba. Ban taɓa shiga maɗaba'ar ba sai yau. Warin da ke jikin rigunansa ne ya tare ni tun daga ƙofa. Injinsa na can ƙurya an lulluɓe shi da leda. Ga littafin nan tari-tari a kan katako har kafaɗata, ba a ninke ba, ba a yanka ba.

Tana zaune a kan kujerar roba a ofishin Manaja. Gajeriya ce, ƙafafunta a kumbure, ta zare takalmi ɗaya. Ledar magani a cinyarta. Na wuce ta sau ɗaya ina neman Uwar Taurari.

Na gaishe su. Manaja ya ce wa nake nema. Ita ce ta amsa. Ta ce, "Na san muryar nan."

Duk abin da na tsara a hanya ya gudu. Na ciro littafin na ajiye a kan tebur, na ce, "Anti, ga abin da aka sata."

Ta ɗauka da yatsa biyu. Ta shinshina. Ta ce, "Albasa?" Na ce fallen farko ne, a ƙarƙashin kwandon albasa ya kwana biyu kafin na gane. Ta buɗe. Ta ga shafin da tawada ta malale, ta ga wanda rubutun ya hau kan juna, ta ga tabon mai. Ta kai tsakiya ta tsaya.

"Ina tasa'in da bakwai zuwa ɗari da sha biyu?"

Na ce ranar mai gadi ya riga shi ɗiba.

Ta juya ta kalli Manaja. Ta ce, "Mai gadi." Manaja ya ce ai shi bai san da wannan ba, yaran nan ba sa jin magana. Na ce ranka ya daɗe, a buɗe bayan motarka. Na san Mai Tawada ya ce kada in sa baki. Amma bakin nan da ya ɓata, shi kaɗai na zo da shi.

Ba a buɗe motar ba. Manaja ya shiga neman wani abu a aljihun tebur.

Ta ci gaba da juya shafuka har na ƙarshe. Na manta da abin da na rubuta a wurin da fensir. Ranar da na fara karantawa na rubuta: Ban yafe miki ba. Ranar Alhamis na soke, na rubuta a ƙasa: Haka ya kamata. Ta karanta duka biyun. Ta cire tabarau.

Ta ce, "Shekara huɗu ina ɗauke da mutuwar matar nan. Ko mijina ban gaya wa ba. Kin san mutum nawa suka rubuto suna roƙo in bar ta, tun ranar da kika yi magana?"

Na ce, "Kada ki bar ta, Anti. Don Allah ki bar shi yadda yake."

"Ba ke kika tambaye ni me ya sa na kashe ta ba?"

"Ban san za ki saurare ni ba."

"Ban saurare ki ba. Ɓata mini kika yi. Mutuwar da kowa ke jira da agogo a hannu ba ta da sauran amfani." Ta yi tari mai tsawo. "Na riga na rubuta sabon. Tana raye. Bai kai na farko ba, na sani, kuma duk wanda ya ce ya ji daɗinsa zan tuna da ke."

Na ji zafin maganar har tafin ƙafata. Na ce to ni ta hukunta, ni na yi magana, shi takardar shimfiɗa ya kawo wa matarsa. Na ce a littafinta na biyu wa Injiniya ta ce shi ne mai laifi da aka fasa bututu? Ta ce, "Kada ki karanta mini littafina." Amma ba ta ce ƙarya na yi ba.

Lokacin ne na ga Mai Tawada a bakin ƙofa, gashinsa ko bushewa bai yi ba, rigar a bai-bai. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Ta ce, "Kai ne mai injin?" Ya ce shi ne. Ta ce, "Ka karanta?" Ya ce a'a. Ta ce, "Ko shafi ɗaya?" Ya ce, "Hajiya, ni baƙi da fari nake dubawa." Ta ce wa Manaja, "Ɓarawon littafin naka ke nan?"

Ta ce aikinta a nan zai ƙarasa, kuma wanda ya fara shi zai ƙarasa, don baƙin nasa ya fita yadda take so. Fallen ƙarshe kawai za a sake. Tsohon kuwa a yanka shi duka a gabanta, yau. Har da nawa.

Ta sa farce ta tsinke zarena, ta zare fallen ƙarshe mai zoben tukunya da rubutun fensir, ta ninke ta sa a ledar maganinta. Sauran ta miƙa wa Mai Tawada. Shi ya sa shi a ƙarƙashin wuƙar yankan takarda. Ya kalle ni kafin ya danna. Sau uku wuƙar ta sauka.

Da za ta hau mota ta kira ni da hannu. Ta ce, "Yadda ta mutu, mutum nawa kika gaya wa?" Na ce babu, cewa ta mutu kawai na faɗa. Ta ce, "To yadda ta mutu ya rage daga ni sai ke. Za ki iya?" Na ce zan iya. Ta ce, "Ban yarda ba, amma ba ni da yadda zan yi."

Ba ta ce ƙanwata ba. Ba ta buɗe ni a waya ba, na duba.

Talata, da safe

Ya tafi aiki. Na ji ƙarar takalmin har kwanar layi.

Har yanzu haushinta nake ji. Minti biyar ta yi mini alkawari, na lissafa, jiya ta ba ni kusan ashirin, kuma babu ɗaya da zan so in sake ji. Tambayar sama tana nan ban yi ba.

Alhamis, bayan magariba

An sa wa takardun gwaji akwati da kwaɗo. Ya ce duk maɗaba'ar ba mai yi masa magana, mai shara har tsaki ta yi masa. Na shimfiɗa tsohon zane a kanta.

Ya dawo da tawada har gwiwar hannu. Yana cin abinci ina zaune nesa, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wai ita wannan Injiniyar taku. Sau dubu uku na buga mutuwarta, na yanka ta da hannuna, na zauna mako biyu a gida saboda ita. Me ya kashe ta ne?"

Yau ne karon farko da ya taɓa tambayata abin da ke cikin littafi. Shekara biyu ina jira. Na jawo kujera kusa da shi. Duk yana bakina, tun daga safar hannun har ƙofar hawa na tara, har da abin da ta faɗa na ƙarshe. Na buɗe baki.

Na rufe.

Ya jira. Na ce, "Ƙara miya?"

Ya ajiye cokali ya dube ni sosai. Sai ya fara dariya, irin wadda kafaɗunsa ke rawa, har ya shafa wa goshinsa tawada. Ya ce, "Ashe yana rufuwa."

Ban yi dariya ba. Na ƙara masa miyar.